Daga famfas na manya zuwa ƙunzugun wanki: yadda muke yi a jinyar Inna

Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a cikin gida a nan Kano, kuma ni ke jinyar mahaifiyarmu tun da hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki na hagu. Hankalinta garau yake, tana hira, tana sallarta a zaune, riƙe fitsari ne kawai ya gagare ta. Da famfas na manya muka fara, kamar kowa. Duk mai jinya ta san lissafin: in ana canzawa sau huɗu a yini, guda 120 ke nan a wata, in fakitin mai goma-goma ne, fakiti 12. Sai ki ninka da farashin da mai kemis ɗin unguwarku ya faɗa miki yau, don na jiya ya wuce. Kayan waje ne, ko a ce da kayan waje ake haɗa shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, shi ma famfas ya rufa mata baya. Abin da ya biyo a gidaje da yawa shi ne a bar tsoho cikin guda ɗaya tun asuba har la'asar wai don tattali, a fatarsa kuma abin ke ƙarewa.

Kayan da ake wankewa a sake sawa suna fitar da mutum daga wannan hali, amma ba daga yadi ake farawa ba. Ɗinkin ba wani abu ba ne, ko ɗan koyo zai iya. Ruwa da mai wanki su ne tushen maganar, kuma in ba a daidaita su ba, kafin a je ko'ina tawul ɗin da aka ɗinka za su koma ƙasan gado, a koma wajen mai kemis. Da mata nake magana saboda mu ne aka fi bar wa jinya, amma maza masu kula da iyayensu maza, har da ku.

A fara sanin irin yoyon

Matar da ta yi doguwar naƙuda, bayan haihuwa fitsari ya riƙa zubo mata dare da rana ba ta ma jin tahowarsa, ba ƙunzugu ne maganinta ba. Huji ne ya samu tsakanin mafitsara da gabanta, kuma ɗinke shi ake yi. Akwai cibiyoyin da ke wannan ɗinki. Akwai ta Laure a cikin asibitin Murtala a nan Kano. Akwai ta Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya daɗe yana wannan aiki tun cikin shekarun 1980. Akwai ta Ningi a jihar Bauchi, a Nijar kuma ga ta Danja kusa da Maraɗi. Galibi kyauta ake yin aikin. Ta yi ta amfani da tsumma kafin layi ya zo kanta, amma kada tsumman ya zaunar da ita a gida.

Dattijon da fitsari ke ɗiga masa kaɗan-kaɗan, in ya je yi kuma sai ya yi ta nishi bai fita sosai ba, a duba masa furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza wanda ke kumbura da tsufa. Ciwon siga yana sa yawan fitsari, haka ma ciwon sanyin mafitsara, haka taurin bayan gida, don hanjin da ya cika yana danne mafitsara. Duk waɗannan suna da magani. Ita kuma wadda ta haihu da yawa, sai ta yi tari ko atishawa ko ta ɗaga bokiti ɗan fitsari ya kufce, ta riƙa matse naman ƙasanta kamar mai riƙe tusa, ta ƙirga biyar ta saki, sau goma a jere, sau uku a yini. Sai an yi kamar wata uku ana yi ake ganin bambanci, shi ya sa da yawa ke dainawa tun ba a je ko'ina ba.

Ruwa, da wanda zai tsuguna a gaban baho

In kuna da rijiya ko burtsatse a gida, kin huta da rabin damuwa. In kuwa a hannun 'yan garuwa kuke saye, ki ware aƙalla jarka biyu kullum don wannan wanki kaɗai, ki haɗa da kuɗin omo da na gawayi ko gas na tafasa ruwa, sannan ki kwatanta da kuɗin famfas. A wajenmu har yanzu wanki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma na san unguwannin da a watan Afrilu kura ɗaya sai an yi rububi, can lissafin zai iya canzawa.

Ga inda nake so a tsaya a yi magana ta gaskiya a cikin dangi. Lokacin da ake sayen famfas, kowa yana ganin nauyin, domin kuɗi ne, ana turowa. Ranar da aka koma wanki, sai 'yan'uwa su ɗauka an huta, alhali nauyin bai je ko'ina ba, sauka ya yi a kan hannun matar da ke gida. Ni tun kafin in yanka yadi na kira babban wanmu na ce, "Yaya, zan rage muku kuɗin famfas, amma kada a daina turo rabinsa. Ruwa za a saya, da sabulu, da ɗan abin da za a ba mai taya ni wanki." Ya ce, "Ai ba komai, Allah Ya yi albarka." Da na bari sai bayan an saba, da maganar ta yi nauyin faɗa. Kuma ina roƙo, kada a jibga wannan wanki a kan 'yar ƙaramar yarinyar da aka ɗauko aikatau, ko a kan matar ɗa don kawai kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ba. A tambaye ta, a raba kwanaki.

Ki auna kafin ki ɗinka

Babban mutum yana yin fitsari wajen lita ɗaya da rabi a yini, mafitsarar da ta cika kuma tana sakin mililita 400 zuwa 500 a lokaci guda, kusan ledar fiya wata ɗaya. Amma kowa da nasa. In kina da ɗan sikelin kicin, ki ɗora sabon famfas ki rubuta nauyinsa, ki ɗora wanda aka cire da safe a cikin leda, ki ɗebe. Giram ɗaya daidai yake da mililita ɗaya. Ki yi haka ga na dare da na rana na 'yan kwanaki, za ki san abin da ke gabanki. Duk abin da kika ɗinka kuma, ki gwada shi kafin ya hau jikin mutum: ki ninke shi a kan faranti, ki tsiyaya masa ruwa daidai adadin da kika auna, a hankali, sannan ki danna da tafin hannu da ƙarfi. Wani yadin yana shanye ruwa tas, amma da an zauna a kai sai ya mayar da shi.

Gado tukuna

Da shimfiɗa ake farawa, domin ita ba ta neman yardar kowa, kuma ko famfas ake sawa ana buƙatarta. Ki rufe katifa gaba ɗaya da makintosh, wato shimfiɗar roba irin ta asibiti da ake samu wajen masu kayan asibiti a Sabon Gari, ko leda mai kauri in shi bai samu ba. A kansa zanin gado. Sannan shimfiɗar tsakiya, wadda za ta kama daga tsakiyar baya zuwa gwiwa, kamar inci 34 a inci 36.

Hawa uku ce. Na sama wanda ke taɓa jiki, auduga ce mai laushi, ko yadin filis marar kauri irin na bargon jarirai, wanda ruwa ke ratsawa ya bar samansa a bushe. Na tsakiya tawul ne ninki biyu ko uku. Na ƙasa shi ne mai hana ruwa wucewa, guntun makintosh ko wani yadi da ake kira PUL, mai laushi, bayansa da siririyar roba. Masu ɗinkin audugar mata ta wanki suna da shi, ana kuma samu a intanet. Na kanti duk a haɗe suke zuwa, amma ni ba na haɗa mai hana ruwan da tawul a ɗinki ɗaya. In a rarrabe suke, tawul zai sha ruwan zafi da guga ya bushe da wuri, robar kuma gogewa kawai take so.

Ki bi tawul da na saman da layin ɗinki duk bayan inci huɗu don kada su cure a wajen wanki, ki yi wa baki wibin. Ki ƙara masa hannu na atamfa dama da hagu, mai tsawon da za a cusa ƙarƙashin katifa. Hannun nan yana hana shimfiɗa tattarewa, kuma da shi mutum biyu za su kama su juya majinyaci ba tare da an ja shi a fata ba. Kada kauri ko gaɓar ɗinki ta faɗo daidai ƙugu. Kuma ko da wasa kada a kwantar da mutum kai tsaye a kan roba, a zafin garin nan kwana kaɗan ya isa bayansa ya saɓule.

Tawul kuwa, na gwanjo nake saye a Ƙofar Wambai, ba don araha kaɗai ba. Sabon tawul sai an wanke shi sau da yawa kafin ya fara shan ruwa yadda ya kamata, na gwanjo ya riga ya wuce nan. Ki tafi da ruwa a 'yar gora ki ɗiga a kai, in ɗigon ya tsaya yana ƙyalli, roba ta yi yawa a zaren, ki ajiye. Ki zaɓi fari ko mai haske, domin a kansa za ki ga in fitsari ya yi duhu ko ya zo da jini. Ki wanke da ruwan zafi ki shanya a rana kafin ki sa almakashi. Audugar sama kuma Kantin Kwari, ki ce wadda ba ta da roba, ki murza a kumatunki ki ji.

Na jiki

Kashi biyu ne: ƙunzugun da ke shan fitsari, da ɗan kamfai mai hana yoyo da ke riƙe shi. Ƙunzugun da ya fi yi mini aiki shi ne mafi sauƙin ɗinki. Tawul ne murabba'i, inci 18 kowane gefe, a ninka shi uku ya zama dogo mai faɗin inci shida, a ɗora masa ƙyallen auduga ko filis a sama. Na ga masu ɗinka shi dunƙule da kauri kamar na kanti, kyau a ido, amma cikinsa ba ya wankuwa kuma yini guda ba ya bushewa. Wanda ake warwarewa a igiya, da hunturu kafin ki gama girki ya bushe.

Inda za a ƙara kauri ya danganta da mutum. Namiji a gaba, macen da ke zaune ko tafiya a tsakiya, wanda ke kwance rigingine kuma a baya, don can ruwa ke gangarawa. Ƙaramin tawul na goge fuska in an ninka shi ya isa ƙari. Akwai tsumman nan na maikurofaiba da ake goge mota da shi, yana shan ruwa da sauri, ana iya cusa shi a tsakiya, amma kada ya taɓa fata don yana busar da ita, kuma shi ne gwanin mayar da ruwa in an danne shi.

Ɗan kamfan da PUL ake yin sa, ɓarin robar yana ciki. Wanda ke iya tsayuwa a yi masa na zurawa. Wanda ke kwance a yi mai buɗewa ta gefe da maɓallan dannawa, layi biyu ko uku don a iya matsewa ko sassautawa. Maƙalen nan irin na takalman yara ya fi saurin ɗaurawa, sai dai yana tara zare a wanki kuma bakinsa yana kartar cinya. Ki auna ƙugu, ki auna cinya daidai matsematsi, domin ta nan ne yoyo ke fita. Robar ta kama, amma yatsunki biyu su iya shiga ƙarƙashinta. In kin gama sawa, ki zagaya da yatsa ki tabbatar babu bakin tawul da ya leƙo waje, ko kaɗan ne zai jawo ruwa ya jiƙa zani.

Dare shi ne mai wuya. Ga mai fitsari da yawa, babu abin da ya kai babban tawul murabba'i, inci 40 zuwa 48, a naɗa shi yadda iyayenmu ke naɗa wa jarirai nafkin kafin zuwan famfas, da ƙari a tsakiya da wandon roba a sama. Ni igiya nake ɗinka masa a gefe maimakon fil, ba na son ƙarfe mai tsini kusa da wanda ba ya jin rabin jikinsa. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2008, wanda ya gwada ire-iren waɗannan kaya, ya gano cewa irin wannan na tawul yana tare yoyon dare sosai, maza da yawa sun karɓe shi, amma yawancin mata sun ƙi shi saboda girmansa. Ban yi mamaki ba. Inna ma cewa ta yi an ɗaure ta kamar kayan ƙaura, sai muka rage faɗinsa muka ƙara wa shimfiɗa kauri.

Tsumma ba shi da sinadarin nan na cikin famfas da ke daskarar da fitsari, saboda haka da ya jiƙe ake cirewa, kusan duk awa biyu zuwa uku da rana. Ki tanadi ƙunzugu 15 zuwa 18, ɗan kamfai huɗu, shimfiɗa huɗu, na dare uku. Da damina, musamman a watan Agusta da rana kan yi kwana biyu ba ta fito ba, sai kin kusan ninka wannan. Kada ki ɗinka duka lokaci guda. Ki yi uku ki gwada daga safe zuwa azahar, lokacin da idonki ke kai. In ya zauna ki kai magariba. Dare a bar shi ƙarshe, kuma in bai yiwu ba, famfas ɗaya a dare ya fi huɗu a yini sauƙin saye.

Yadda za a faɗa wa mai jikin ma abin lura ne. Tsohon da ya haife ki, yau ke ce ke buɗe masa zani, ya riga ya haɗiye abu mai yawa. Ni ce mata na yi, "Inna, na ɗinka miki ɗan kamfai na auduga, ya fi wancan shan iska. Ki gwada, in bai yi miki ba mu koma." Ta juya shi a hannunta mai lafiya ta duba ɗinkin, ta ce, "To. Amma kada ki shanya mini shi inda baƙi ke wucewa." Na ɗaura igiya a bayan ɗaki. Wani amfanin mai warwarewar ke nan, duk wanda ya gan shi a shanye tawul kawai ya gani.

Abin da ya fi rage mana wanki kuma ba yadi ba ne, fo ne a gefen gado. Ana ɗora ta a kai kafin kowace sallah, da hantsi, da kuma kafin barci, ko ta ji ko ba ta ji ba. Kada a rage wa majinyaci ruwan sha don a rage fitsari. Fitsarin sai ya yi kauri, ya ƙara zarni, ya ƙara tsikarar mafitsara, ga taurin bayan gida. Abin da ake ragewa da yamma shi ne shayi da kofi da lemon kwalba mai baƙi, da goro, wanda da Inna sai da aka kai ruwa rana. In cikin magungunan hawan jini akwai mai sa fitsari, a tambayi likita ko za a mayar da shi safe.

Wankin kansa

Ki sa safar hannu ta roba mai kauri. In akwai bayan gida a jiki, a karkaɗe shi a masai tukuna. Ƙyallen saman nan shi ke sauƙaƙa wannan, wasu ma tsohuwar atamfa suke yayyankawa su ɗora, in ta ɓaci da yawa a yar. Sannan a ɗauraye da ruwan sanyi nan take, har ruwan ya fita fari. Ruwan zafi a wannan matakin kama tabo yake sawa. A matse a jefa cikin bokitin da aka ware, a ɗora murfi ba tare da an danne ba. Kada a jiƙa a bar shi kwana cikin ruwa, kuma a zafinmu kada ya wuce washegari ba a wanke ba.

Wankin sosai da omo ne da ruwa mai zafi, kamar digiri 60. In da hannu ne, ki haɗa tafasasshe da na sanyi kusan rabi da rabi, ki zuba tawul ɗin su yi minti ashirin, ki juya da sanda, in ya huce ki cuɗa. Sabulun sanda yana barin maiƙo a zare, balle in ruwan burtsatsenku mai nauyi ne wanda ba ya kumfa, a hankali sai tawul ya daina shan ruwa. Ruwan ƙamshin nan na laushin kaya shi ma haka yake yi, a bar shi. Ɗauraya ita ce rabin aikin, sau uku, har kumfa ta ɗauke. Omon da ya saura a zare shi ke haɗuwa da fitsari ya ci fata.

Hypo ko Jik, ana sawa jefi-jefi, ɗan kaɗan cikin ruwa mai yawa, ga farin tawul kaɗai, kuma bayan an riga an wanke. Kada a taɓa tsiyaya shi kan tsumman da ke jiƙe da fitsari ko cikin fo da ba a zubar ba, haɗuwarsu tana tayar da iska mai shaƙe ƙirji da sa hawaye. Kada kuma a gauraya shi da wani maganin wanki. Dettol da Izal a bar wa ƙasa da bokiti. Ɗan kamfan PUL da ruwa mai ɗumi ake wanke shi, ba bilic, ba murɗawa da ƙarfi, ba guga.

Shanya a igiya, cikin rana sosai, tana kashe wari tana cin tabo. Kada a shimfiɗa a ƙasa ko kan yashi a inuwa. Akwai wani ƙuda, ya fi yawa da damina da kuma wuraren da ke da laima, da ke bin warin fitsari ya yi ƙwai a yashi ko a jikin tufa, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji kamar maruru. Guga mai zafi yana kashe ƙwan, shi ya sa nake bin tawul da audugar da dutsen guga, ko na gawayi ne. Da hunturu kuma a kakkaɓe ƙura kafin a ninke. Ruwan ɗaurayar farko masai ake zuba shi, ba kwatar da yara ke tsallakawa ba.

Fata

Duk canji a wanke wurin da ruwa mai ɗumi, mace daga gaba zuwa baya, a dangwale da tsumma mai laushi, ba a gurzawa. Ba kowane lokaci ake sa sabulu ba. In an bar ta ta sha iska na 'yan mintuna a kan shimfiɗa, da zani a rufe, ya fi. Sannan a shafa abin kariya siriri: man zink na kemis, ko basilin, ko man kaɗanya. Siriri na ce, domin in ya yi yawa yana shiga zare ya toshe shi, fitsari ya riƙa zamewa ta gefe. Ki bar hoda, curewa take yi a matsematsi. Wanda ba ya iya juya kansa a juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu da gindin baya da dugadugai. Jan da kika danna da yatsa bai yi fari ba, farkon gyambon kwanciya ne, a ɗauke nauyi daga wajen a nemi nas. Zazzaɓi, ko jini a fitsari, ko tsoho ya rikice farat ɗaya, ko mara ta kumbura fitsari ya ƙi fita, waɗannan na asibiti ne a ranar.

Tsarki da sallah

Wannan ya fi damun Inna fiye da komai, kuma na lura tsofaffi da yawa suna barin sallah a ɓoye don suna ganin ba su da tsarki. Addini bai ƙuntata ba. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba a mafi yawan lokaci, wannan zubar ba ta karya masa alwala, Risala ma cewa ta yi an so ya sabunta alwala ga kowace sallah. Abin da ya taɓa jiki ko tufa na irin wannan lalura ta kullum, an yi rangwame a kansa. Mu dai muna daidaita canji da kiran sallah, a wanke, a sa busasshe, ta yi alwala ko taimama. Don halin kowa daban ne, a kai wa malami bayanin yadda yoyon yake ya faɗi hukuncin. A wajen wanki kuma, ruwa tsantsa wanda sabulu bai canza shi ba shi ke gusar da najasa, wani dalilin ke nan na ɗauraya ta ƙarshe. Ke mai jinya ki ware wa kanki tufafin sallah daban, kamar yadda malamai suka so wa mai shayarwa.

Har gobe akwai fakitin famfas a saman kwabarmu, kuma ba na ganin hakan gazawa. Ranar ganin likita da za a yini a layi, ranar tafiya, ranar da ni kaina na kwanta, ranar da ruwan sama ya hana shanya, shi ake sawa. In gudawa ta zo ma shi ne, balle lokacin da ake fama da amai da gudawa a gari, sai dai a ƙulle shi a leda, kada a jefa a masai ko sokawe don ba ya narkewa.

In kin ga tawul ya fito wanki ba wari, amma da fitsari ya taɓa shi zarni ya turnuƙe ɗaki, datti ne ya taru a cikin zaren. Ki tafasa tawul ɗin zalla a tsohuwar tukunya da aka ware, ki ɗauraye sosai. Wanda ya yi sirara a mayar da shi ƙari na tsakiya. PUL in ya fara ɓarewa ta ciki ya gama aiki, ba ya gyaruwa. Robar ƙugu da ta cinya kuwa su ke fara saki tun yadin yana da sauran ƙarfi, don haka tun wajen ɗinki ki yi musu gida ki bar 'yar ƙofa, yadda za ki zare tsohuwa ki zura sabuwa da fil ba sai kin farke wandon ba.